Koren Tikiti da Farin Tikiti

Saura kwana huɗu Babbar Sallah, Ummulkhairi ta jawo durowar ofishin ɗakin taron mahaifinta da ke Damba a Gusau, ta tarar da ita yadda ta bar ta jiya. Ɓangaren koren tikiti wayam. Ɓangaren fari kuwa a cike, wasu ko robar da aka ɗaure su da ita ba a cire ba.

Kore na wasan mawaƙi Ashiru Mai Gwal ne, wanda ke neman aurenta, washegarin Sallah bayan La'asar. Kujera ɗari takwas, cikin kwana uku suka ƙare. Fari na wasan Yazid ne, shi ma mawaƙi, ranar da ke biye. Sati biyu ana tallarsa a Gusau da Tsafe da Bungudu, har yanzu bai kai sittin ba.

Shekara biyu ke nan tana tare da Yazid. Ɗan Malam Manu ne, makiyayin da aka kore wa shanu ya dawo Rawayya ya kama noma. Da Yazid ya nemi izinin turo manyansa, mahaifinta Alhaji Jatau ya ce ba ya haɗa zuri'a da maroƙi. Sai da mahaifiyarta ta yi wata guda ba ta sakar masa fuska ba sannan ya sassauto, amma da sharaɗi: zai ba yaron ɗakin taro rana ɗaya, in ya cika rabinsa, manyansa su zo.

Ba ta ji shigowar mahaifin nata ba sai da ya tsaya a kanta.

"Nawa aka saida na wanga yaro?"

"Hamsin da bakwai, Baba."

"Duka garuruwan uku?"

"E. Amma akwai sauran kwana shida."

Ya yi wata dariya ta cikin hanci, ya ja kujera ya zauna.

"Ɗiyata, shekara goma sha ɗaya ina hayar wanga ɗaki. Ban taɓa ganin wanda ya zo taga ya ce a ba shi tikitin murya ba. Suna ake tambaya. Mi Hussaina ta ce miki daga Tsafe?"

Ummulkhairi ta sunkuyar da kai. Hussaina 'yar ƙanen mahaifinta ce, a kyamis ɗinta ake sayar da na Tsafe.

"Ta ce mutane suna cewa wai yana kwaikwayon muryar Ashiru."

"To kin ji. Wa zai biya ya ji mai kwaikwayo, ga mai abu?"

"Baba, in waƙa roƙo ce, ai shi ma Ashiru waƙar yake yi. Me ya sa ragon Sallar da ya aiko ke ɗaure a gidanmu?"

Fuskar Alhaji ta canza.

"Ashiru kamfani ne. Shina da motoci, shina da ma'aikata, hotonsa na jikin kowane keke mai ƙafa uku a garin ga. Sau biyu kina korarsa, ban ce miki komi ba, don ba ni yi miki dole. Amma kada ki sake haɗa min shi da ɗan ruga."

Ya tashi ya fita. Ta zauna tana kallon durowar har idonta ya kawo ruwa, sannan ta tura ta da gwiwa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya motar kayan Ashiru ta iso don gwajin sifiku. Ummulkhairi ta shiga ciki don ta nuna musu inda za su ja waya daga janareta. Tana tsaye kusa da teburin mai haɗa sauti lokacin da ya danna wani abu a kwamfutarsa.

Murya ta cika ɗakin. Waƙar "Ki Jira Ni a Garin Wanke" ce, wadda ta ɗaga Ashiru bara, wadda ko a gidan biki ko a tasha ba a rasa ji. Sai dai wannan babu kiɗa a ƙarƙashinta, babu gyaran na'ura. Murya ce tsirara.

A baiti na biyu mai waƙar ya tsaya. Ya yi gyaran murya sau biyu a jere, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, mayar da ni baya kaɗan."

Mai haɗa sautin ya kai hannu da sauri ya kashe.

Ummulkhairi ta dafa bango. Wannan gyaran muryar sau biyu, ta ji shi ya fi sau dubu. Shi yake yi kafin ya yi mata sallama a ƙofar gida. Shi yake yi in zai faɗi abin da ke masa nauyi.

"Sake kunnawa," ta ce.

"Hajiya, kuskure ne, ba wannan..."

"Kunna mata."

Ashiru ne ya faɗa daga bakin ƙofa. Farar shadda, agogo mai ƙyalli, tabarau a hannu. Ya ƙaraso yana murmushi, ya yi wa yaransa alama da kai suka fice, suka bar ƙofar a buɗe.

"Ranki ya daɗe, kin yi shiru."

"Muryar wa ce wannan, Malam Ashiru?"

"Tawa ce. Na saya."

Rashin musun nasa ya fi komai ƙona mata rai.

"Waƙoƙi guda nawa?"

"Manyan guda biyar ɗin. Sauran ni na yi, kuma ba wanda ke tambayarsu, ban ɓoye miki ba." Ya zauna a gefen dandamali. "Kina kallona kamar na sace wani abu. Yaron nan shekara uku yana saka waƙoƙinsa a waya, mutum nawa suka ji? Na ɗauki murya ɗaya, na sa mata suna, na sa mata hoto, na biya rediyo, na biya masu rawa, na yi shekara shida ina gina sunan nan tun ba ni da ko mashin. Yanzu dubi durowarki."

"Mutum ɗari takwas sun biya don su ji shi. Kai baki kawai za ka motsa."

"A'a. Sun biya don su ce sun je wasan Mai Gwal. Su ɗauki hoto, su tura wa ƙawaye. Da murya suke nema, ga ta can a rabin farashi ranar da ke biye. Ina suke?"

"Don ba su sani ba ne."

"To ki gaya musu."

Ta ɗago ta dube shi.

"Da gaske nake, ki hau sifikar nan ki gaya musu. In aka dawo miki da tikiti goma, na daina zuwa gidanku." Ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. "Ni ba ƙinki nake ba, Ummulkhairi. Ina tausayinki ne. Kin yi karatun kasuwanci, amma kin rasa gane abin da ake sayarwa a ɗakin ubanki."

"Allah ya isa tsakaninka da shi."

"Kafin ki yi Allah ya isa, ki tambaye shi ko wuƙa na sa masa a wuya."

Ba ta ci abincin rana ba. Ta ce wa mahaifinta za ta je Bungudu duba tikitin da ke shagon Gwaggo Saude, yayarsa. Tun a mota ta kira Yazid ta ce ya same ta a can, ta kashe kafin ya yi tambaya.

An yi ruwa da safe, gonakin gefen hanya sun yi kore shar. Ba ta ga ko ɗaya ba.

Ya iso bayan La'asar a kan aron mashin, ƙafar wandonsa da jar laka. Daga gona yake. Ya tsaya a zauren Gwaggo, ya yi gyaran murya sau biyu, ya yi sallama.

Jin haka sai hawayen da ta riƙe tun Gusau suka zubo.

"Khairi, lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

"Mayar da ni baya kaɗan," ta ce, tana kallon cikin idonsa.

Ya kau da ido. Sannan ya zauna a kan dakalin zauren.

"Wa ya gaya miki?"

"Kai ka gaya min. A sifika, a ɗakin Babana, a gaban ma'aikatansa. Shekara biyu, Yazid. Shekara biyu ina faɗa da mutane a kanka. Ana cewa kana kwaikwayonsa, ina rantsuwa ba haka ba ne. Na ɓata da ƙawayena. Na ɗaga wa mahaifina murya yau da safe. Kai kuma kana zaune kana kallona ina wauta."

"Ban taɓa ɗaukarki wawiya ba."

"To me ka ɗauke ni?"

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Lokacin da aka kore shanunmu, mu goma sha huɗu muka sauka a Rawayya, a ɗaki biyu na aro. Baffa, mahaifina, ya yi wata uku ba ya magana da kowa. Ashiru ya ji ni a wani situdiyo a Gusau, ya ce zai saya mana gona da shanun huɗa biyu. Sharaɗinsa ɗaya. Na dafa Alƙur'ani a gaban shaidu cewa maganar ba za ta fito ta wajena ba. Gonar da na fito yanzu, ita ce."

"Baffanka ya sani?"

"Ya san na yi wa mutumin aiki, ya san na rantse. Shi ya ce min in na ci rantsuwar nan, kada in sake kiransa uba."

Ummulkhairi ta share ido da gefen hijabi.

"Na ji. Kai ka rantse, ni ban rantse ba. Ni zan faɗa."

"A'a."

"Yazid, hamsin da bakwai muke da su. Ɗari huɗu ake nema. In mutane suka san kai ne mai muryar, kafin Sallah za su ƙare."

"In kika faɗa, wa zai yarda ba ni na gaya miki ba? Duk garin nan an san ke ce nake nema."

"To sai mu zauna mu zuba ido a raba mu?"

"Ki bar ni in yi wasana. Ko mutum hamsin ne, in suka ji, za su gaya wa wasu. Baɗi..."

"Baɗi." Ta yi dariya mai ɗaci. "Baba rana ɗaya ya ba ka, bai ba ka shekara ba. Kai wai ba ka jin zafi ne? Mutum ya hau motar da muryarka ta saya, ya zo neman matar da kake so, kai kana cewa baɗi?"

"Ina jin zafi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Duk keken da ya wuce da waƙar nan, sai na kau da kai. Ranar da kika ce min kore ya ƙare cikin kwana uku, na je bayan gona na zauna, ban san ko murna zan yi ba ko kuka. Amma na sayar, Khairi. Na karɓi abin da aka ba ni, mun ci, mun rayu. Ba zan dawo in ce a ba ni kayana ba."

"Ni fa? Ni ma ka haɗa da ni a cinikin?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Ki ji ni da kyau. In maganar nan ta fita ta bakinki, ba zan hau dandamalin mahaifinki ba, kuma ba wanda zan turo. Ba don na daina sonki ba. Ba zan iya gina gida a kan abin da zai sa Baffa ya tofa min yawu ba."

"Ka zaɓi rantsuwarka ke nan."

"Na roƙe ki ne."

Ta miƙe ta shige cikin gida, ba ta yi masa sallama ba. Ta daɗe tana jin bai tayar da mashin ɗin ba.

Sai da ta je ɗaukar jakarta Gwaggo Saude ta ce, "Af, ɗiyata, na manta. Fararen nan sun ƙare. Ɗazu da Azahar wasu samari biyu suka zo a mota suka kwashe duka."

"Duka, Gwaggo?"

"Ko ɗaya ba su bari ba."

A hanya Hussaina ta kira, muryarta cike da murna. Na Tsafe ma sun ƙare, mutum ɗaya ya saye. Murna ta kama Ummulkhairi, har ta fara lalubo lambar Yazid. Sai ta tsaya. Mutum ɗaya. Samari biyu a mota. Ta ajiye wayar a cinya.

Ta tarar da mahaifinta a falo kafin Magariba. A kan teburin gabansa akwai baƙar leda a buɗe, cike da fararen tikiti, ɗauri ɗauri.

"Ashiru ya aiko miki," in ji shi. "Ya ce gudummawarsa ce ga abokin sana'a. Na ofis ma ni na saida musu da hannuna."

"Baba, ya saye ne don kada kowa ya shiga."

"Wanda ya sayi abu, shi ya san abin da zai yi da shi. Ni rabin ɗaki na ce ya cika. Ban ce durowa ta ƙare ba."

"To a buga wasu."

"Kujera ɗaya ba a saida ta sau biyu a ɗakina."

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, akwai abin da ba ka sani ba. Waƙoƙin da ake ruɗewa a kansu, ba Ashiru ya rera ba. Muryar Yazid ce. Na ji da kunnena yau."

Alhaji Jatau ya ɗauki carbinsa daga hannun kujera.

"Na sani tun bara."

Ta ɗago a hankali.

"Mai haɗa sautin nasa a nan ya fara aiki, ba ya ɓoye min magana. Kina zaton don mi na sa wanga sharaɗi? Na san yaron ya iya waƙa, ban taɓa musu ba. Amma mutumin da aka ba abu mai daraja ya saida shi a kan gona ɗaya da shanu biyu, bai san yadda ake riƙe abu ba. Shi zan ba ɗiyata?"

"Ya yi ne don iyayensa su ci abinci."

"Allah ya ba shi lada. Lada daban, aure daban."

"Kuma ka bar ni na sayar wa mutum ɗari takwas ƙarya da hannuna."

"Kin saida musu abin da suka tambaya. Tashi, an kira salla."

Bayan ta idar da salla, ta zauna a kan darduma da wayar a hannu. Ta tuna fuskar Yazid a zaure. Ta tuna ledar da ke falo. In ta yi shiru, an riga an gama da shi. In ta yi magana, ya gaya mata abin da zai biyo baya. Amma ta gaya wa kanta cewa in ya ga mutane sun yi layi suna kiran sunansa, in ya ga Ashiru ya sunkuyar da kai, zai huce.

Ta danna, ta yi magana a nutse.

"Sunana Ummulkhairi Jatau. Ni na sayar muku da tikitin wasan Mai Gwal. Manyan waƙoƙin nan biyar ba muryarsa ba ce, muryar Yazid Manu ce daga Rawayya. Ba shi ya gaya min ba, ni na ji a wajen gwajin sifika. Duk wanda ya ga an yaudare shi, ya zo ofis gobe da safe, zan mayar masa da kuɗinsa."

Ta tura wa Hussaina, ta tura duk guruf ɗin da take ciki. Kafin Isha saƙon ya zagaye Gusau.

Washegari mahaifinta bai amsa gaisuwarta ba. Ya ce kawai, "Tahi ki buɗe taga. Ki gani da idonki."

Ƙarfe takwas ta tarar da layi har bakin titi. Farin ciki ya rufe ta. Ta buɗe tagar, na farko ya matso, wani saurayi da hular kwano a hannu.

"Hajiya, an ce wasu za su dawo da kore. In an samu, ina son biyu."

Na biyu ma haka. Na uku ya ce ko da ƙari ne zai biya, yanzu ma ya fi son ya je ya ga ko bakin zai dace da waƙar. Wasu 'yan mata suka ce mata baƙin ciki ne kawai, don saurayinta bai yi suna ba. Wata ta ɗauke ta hoto ba tare da izini ba.

Har Azahar, mutum uku ne suka dawo da kore. Ba a yi minti ɗaya ba aka saye su.

Mace ɗaya ce, wata malamar makaranta da goyo, ta tsaya ta ce, "Ni fari nake so. In dai shi ne mai muryar nan, gara in je in ji shi da kansa."

Ummulkhairi ta dubi durowar.

"Babu," ta ce. "Sun ƙare."

Matar na juyawa Ummulkhairi ta hango Yazid. Yana tsaye a jikin katanga, inda aka manna fostarsa ƙarama kusa da ƙatuwar ta Ashiru. Yana ɓanɓare ta a hankali da farce, kusurwa bayan kusurwa, don kada ta yage.

Ta fito da gudu, ba ta ko sa takalmi daidai ba.

"Yazid, na faɗa a ciki cewa ba kai ka gaya min ba. Ka saurara, na faɗa."

"Na saurara." Bai juyo ba. "Ashiru ya je Rawayya da sassafe, da shaidun nan biyu. A gaban maƙwabta ya kunna wa Baffa saƙonki. Baffa ya tambaye ni abu ɗaya: jiya na gan ki ko ban gan ki ba."

"Me ka ce?"

"Na ce na gan ki."

Ya naɗe fostar, ya sa a aljihun gaba.

"Mutum hamsin da bakwai ɗin nan, ki neme su ki ba su haƙuri. Ba zan zo ba."

"Zan je wajen Baffa da kaina. Zan dafa Alƙur'ani ni ma. Yazid, don Allah ka dube ni. Don mu na yi."

Ya dube ta. Babu faɗa a fuskarsa, kuma hakan ya fi ba ta tsoro.

"Na roƙe ki a zaure, Khairi. Kin ji ni da kunnenki."

Ya hau mashin ɗin ya tayar. Ta tsaya a rana tana kallonsa har ya sha kwana ya hau titin Bungudu.

A bayanta wani ya ƙwanƙwasa ƙarfen taga da makulli.

"Hajiya, an sake dawo da wani koren?"